Jinyar Ƙuna Tsakanin Fulatari da Bakin Komadugu

Duk wanda ya taɓa kwana a rugar Fulani ta wajen Fulatari, a ƙasar Maine Soroa, cikin tsakiyar hunturu, sa'ad da iskar gabas ke ratsa bukka kamar babu zana, har tsofaffi su jawo kaskon garwashi kusa da shimfiɗa, yara kuma su kewaye murhu suna miƙa tafin hannu, ya san sababin da ya sa ƙuna ta zama tsohuwar baƙuwa a wannan ƙasa. Galibi ba gobara ce ke kawo ta ba: tukunyar kunu ce da ta tuntsure, ko butar shayi, ko bakin zane da ya lashi harshen wuta.

A zamanin da gishirin Mangari ke cin kasuwa har Kano da Borno, akwai jama'ar da wuta ce sana'arsu. Da rani sukan sauka cikin kwaruruka, su kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta, su jera tukwanen yumɓu bisa tanderu, su yi ta ɗura ruwan gishiri yini da kwana har ya daskare ya zama mangul. Mai wannan aiki kuwa da wuya ka ga damtsensa babu tabo. Amma haƙƙin jinyar ƙuna, bisa ga al'adar Hausa da maƙwabtanta, na maƙera ne, domin an yi ittifaƙi cewa wanda ya gaji sarrafa ƙarfe ya gaji asirin wuta. Sai a kawo yaro maƙera yana tsala ihu, maƙeri ya kama hannun, ya yi tofi, ya ce wa uwar, "Ki kwantar da hankalinki, wutar ta mutu." Bayan haka a bi wurin da abin da ya samu: gashin zomo, ko zuma, ko ƙwai, ko man shanu, a ruga ma har da kashin saniya.

Ban ga dalilin da za a yi wa magabata isgili a kan wannan ba, alhali darura ce ta koya musu. Mutumin da ke jan guga da raƙumi daga rijiya mai zurfi, wanda salka guda ce ruwan iyalinsa na yini, ba zai yi tunanin kwarara ta bisa hannun yaro ba. Abin da ke kusa shi zai shafa. Illa dai an biya wannan darura da tsada. Maiƙo yana tsare zafi cikin nama, gashi yana manne wa gyambo, kashin dabba kuma yana ɗauke da ƙwayar cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora.

Abin mamaki shi ne maganin na haƙiƙa ya daɗe cikin littattafan Musulmi. Tabibi Abubakar ar-Razi, wanda ya jagoranci asibitin Bagadaza, ya yi umurni da sanyaya ƙuna da ruwa fiye da shekara 1000 da suka shuɗe, sa'an nan a 1959 wani likitan Aisland mai suna Ofeigsson ya wallafa gwaje-gwajen da suka ƙarfafa hakan. Hikimar ita ce, ko an janye hannu daga wuta, zafin da ya shige fata yana ci gaba da dafa naman da ke ƙasa, sai ruwa ya zare shi. Saboda haka a yau ake cewa a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a zare zobe da awarwaro tun kafin kumburi, kada a fasa bororo, kada a ɓamɓare tufar da ta manne, a lulluɓe da tsumma mai tsabta. In kuwa ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta taɓa fuska, ko jariri ne, to, sai likita.

Mazauna bakin kogin Komadugu, masu noman tattasai, sun fi mutanen tudu sa'a ta fuskar ruwa, amma zamani ya kawo musu wata wutar, wato fetur da ake sayarwa cikin kwalabe don injin ban-ruwa da babur. Tun hare-haren Diffa da Bosso na Fabrairun 2015 kuma, dubban iyalai suka koma bukkokin kara da leda a gefen babbar hanya, inda tartsatsi guda ke cinye layi. A irin waɗannan wurare na ga uwar da ɗanta ya ƙone ta ruga neman man goge baki, wanda ya gaji gurbin gashin zomo, alhali ga jarka cike da ruwa a bakin ƙofarta; raina ya ɓaci ƙwarai, domin ruwan da kakanninta suka rasa, ita tana da shi. Maƙwabciyarta ce ta fizge jarkar, ta durƙusa, tana tsiyaya wa yaron a hankali tana karanta Fatiha, har kukansa ya lafa.