Daga raƙumi zuwa kamyo: wa ke tsaida kaya a hanyar Damagaram?

Ni a bakin gudro na tashi. Garinmu Hamdara yana kan babbar hanyar da ta fito Zinder ta bi Mirriya ta nufi Gure da Diffa, shi ya sa tun ban san baƙi ba na san kukan kamyo mai lodi da na wanda ya dawo wayam. Bayan 2008, da Sinawa suka shiga aikin man Agadem, mun ga motoci ɗauke da injuna sun kusa cinye faɗin hanya, ƙaramar mota na gaba tana kore masu amalanke. Mu dai tafi muke yi. Sai daga baya muka ga ramuka.

Tsaida mai kaya ba yau aka fara ba. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin da ya fito Agadas ko Bilma a Zango yake sauka, wajen ganuwar Birni, kuma sarki na da rabonsa cikin fataucin. Amma raƙumi ba ya ɓata hanya, iska ce ke share sawunsa. Damuwar sarki haraji ce da tsaro.

Mota ce ta kawo wata damuwar. Nasara sun yi hanyoyin jar ƙasa don fitar da gyaɗa, da fari zuwa jirgin ƙasan Kano, daga 1953 kuma suka karkata wani kaso zuwa Paraku ta Dahome. Jar ƙasa in ta sha ruwa, kamyo ɗaya ya isa ya mai da ta gona. Sai aka kafa bariyar ruwan sama: an yi ruwa, a gitta ƙarfe, babbar mota ta jira ƙasa ta tsane. Tsofaffin direbobi har gobe suna ba da labarin kwanan bariya, ana dafa shayi ƙarƙashin mota, mai albasa na kallon sama yana salati.

Dokar da ake faɗa a kanta yanzu ita ce ta 14 ta UEMOA, wadda aka sa wa hannu a Bamako cikin Disamba 2005. Ta ƙayyade tsayin mota mita 4, tirela mai gatari shida kada ta wuce tan 51 har da kayanta. Wanda kayansa suka fi ƙarfin wannan awo sai ya nemi izini na musamman. Dalilin ba son zuciya ba ne. Gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan gatari sau biyu, ɓarnar da yake wa hanya tana kai wajen sau 16. Ku sake karantawa, sau goma sha shida fa!

Na taɓa kawo ma kawuna wannan lissafi, shi da ya shekara ashirin yana jan tirela. Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, lissafinka daidai ne, amma ba ka sa gazuwal ciki ba, ba ka sa na masu tsaida mu a hanya ba. In na rage lodi, buhun siminti ya tashi, babanka ne zai fara zagina." Ban samu amsa ba ranar. Yanzu ina ganin yana da gaskiya rabi: ƙasar da ba ta da teku, jirgin ƙasa bai iso mu ba, komi a bayan kamyo yake zuwa. Sai dai ramin da lodinsa ya haƙa, shi ma babana ne ke biya, ranar da motar asibiti ta yi tafiyar rabin awa cikin awa guda.

Hutun da ya wuce na tarar da ƙannena biyu a bakin hanya da shebur, suna cika rami da ƙasa, direbobi na jefa masu dala biyar-biyar. Kawu ma ya jefa da ya wuce.