Wusasa da Rayuwar Kirista Bahaushe: Waiwaye a kan Bangaskiya da Farin Ciki Cikin Harkokin Yau da Kullum

1.0 Gabatarwa

A wurin mutane da yawa, har da wasu manazarta, kalmar Bahaushe da kalmar Musulmi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wannan fahimta tana da dalili, domin Musulunci ya daɗe da kafuwa a ƙasar Hausa, kuma shi ne addinin mafi yawan Hausawa. Sai dai takan sa a manta da wata 'yar al'umma wadda ta shafe fiye da shekara ɗari tana addu'a da waƙa da raɗin suna da jana'iza cikin harshen Hausa bisa tafarkin Kiristanci. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin al'ummar, ta ɗauki garin Wusasa da ke gefen birnin Zariya a matsayin misali. Tambayar da za a bi diddiginta ita ce: mutanen da suka zama 'yan tsiraru a ƙasarsu ta haihuwa, wasunsu ma suka rabu da dangi saboda addini, a ina suka sami kwanciyar rai da dalilin zaman duniya? Abin da tarihi ya nuna shi ne sun same su ne cikin ayyukan da ake yi kullum rana ta Allah, kuma harshen Hausa ne ya ɗauki nauyin bayyana su.

2.0 Zuwan 'Yan Mishan

Rubutun Kiristanci da Hausa ya riga Kiristocin Hausawa samuwa. J. F. Schön, wani Bajamushe ma'aikacin ƙungiyar mishan ta Anglikan da aka fi sani da C.M.S., ya shiga ayarin da ya bi kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, sannan da taimakon Dorugu, yaron nan da Heinrich Barth ya kai Ingila a 1855, ya ci gaba da fassara har aka buga Sabon Alkawari a 1880. Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, saboda haka littattafan nasa suka daɗe ba su sami masu karantawa ba.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar zuwa Kano. A cikinsu akwai likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. Sarkin Kano Aliyu Babba ya umarce su da su bar garin, suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Burinsa shi ne ya ga Hausawa sun karɓi Kiristanci jama'a jama'a, amma hakan bai faru ba. Jama'a sun riƙe addininsu, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta taƙaita ayyukan mishan a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Lugard ya yi wa sarakuna na ƙin tsoma baki cikin addini. Abin da Miller ya samu bayan shekaru shi ne 'yan makaranta da wasu manya ƙalilan.

3.0 Isawa da Zaman Gimi

Wani ɓangare na wannan al'umma tushensa daga cikin gida yake. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya sa ya fifita matsayin Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. An yanke masa hukuncin kisa a Kano, almajiransa suka watsu zuwa wajen Ningi da iyakar ƙasar Zazzau. Su ne aka sani da Isawa. Ba su taɓa ganin ɗan mishan ba a lokacin, kuma suna ɗaukar kansu Musulmi ne.

A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iske Miller a Zariya. Daga wannan haɗuwa aka kafa ƙauyen Kiristoci a Gimi, inda aka yi noma da karatu da sujada tare. Zaman bai daɗe ba, domin ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Abin lura a nan shi ne al'ummar ta fara ne da asara iri biyu, ta kisan malami da ta annoba. Duk farin cikin da za a ambata nan gaba a kan wannan harsashi aka gina shi.

4.0 Wusasa: Majami'a da Makaranta da Asibiti

A ƙarshen shekarun 1920 aka fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa. A 1929 aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausawa mai bakan gizo. Wanda ya shiga cikinta zai ga soron da bai bambanta da na zauren wani babban gida a birni ba. A gefenta aka kafa makaranta da asibitin St. Luke. Tsakanin waɗannan gine-gine uku rayuwar garin take kewayawa: addu'a da safe, aji ko ɗakin majinyata ko gona da hantsi, sujada ranar Lahadi.

Tun da yake ba a sami ɗimbin mabiya ba, sai nauyin addini ya koma kan yadda mutum yake gudanar da aikinsa. Malamin makaranta da mai jinya da ungozoma suna hulɗa kullum da maƙwabta Musulmi, waɗanda ba wa'azi ya kawo su ba, magani ko ilimi suka zo nema. Saboda haka riƙon amana a wurin aiki ya zama shi ne babbar shaidar mai bi, kuma shi ne abin da yake ba shi dalilin tashi da safe. Wannan tarbiyya ta bayyana a cikin mutanen da garin ya yaye. Dokta R. A. B. Dikko shi ne likita na farko daga Arewa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya a waɗannan shekaru, a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ɗan ƙabilar Angas ya yi aikin bishara. Har ila yau, John Tafida Wusasa shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar na farko da suka biyo bayan gasar 1933.

Sunayen nan kansu abin nazari ne. Ishaya ya zauna tare da Audu, John ya zauna tare da Tafida. Mutanen sun ɗauki sabon addini ba tare da sun ajiye sunan gida ko laƙabin Malam ko gaisuwar Hausa ba.

5.0 Kalmomin da Suka Ɗauki Ma'ana

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ja gabansa tare da wasu 'yan mishan da Hausawa mataimaka. An sake wata fassarar a 1979. Idan aka dubi kalmomin da suka zauna a bakin masu bi daga waɗannan fassarori, za a iya kasa su gida uku. Kashi na farko kalmomin Larabci ne da Musulunci ya riga ya shigo da su, kamar Allah da addu'a da sujada da salama da bishara da almajiri. Kashi na biyu kalmomin Hausa ne na asali, kamar Ubangiji da ceto da baiko da jibi. Kashi na uku, wanda shi ne mafi ƙanƙanta, baƙi ne daga Girkanci, kamar ikilisiya da baftisma. Fassarar 1979 ta ƙara karkata ga kashi na farko, inda ta sa Almasihu a gurbin Kristi.

Kalmomi uku sun cancanci a tsaya a kansu. Ta farko ita ce bangaskiya. Ginin kalmar ɗaya yake da na ban kwana da ban ruwa da ban haƙuri, wato ba da wani abu. Ke nan a wannan harshe imani abu ne da ake miƙawa, kamar yadda manomi yake ban ruwa kullum, in ya daina shuka ta bushe. Ta biyu ita ce alheri, wadda aka zaɓa don bayyana kyautar Allah da mutum bai cancanta ba. Bahaushe ya riga ya san alheri a matsayin abin da maƙwabci yake yi wa maƙwabci, har yana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Don haka kalma ɗaya ta haɗa abin da mai bi yake karɓa daga Allah da abin da ake jiran ya yi wa na kusa da shi. Ta uku ita ce zumunta, wadda ta zama sunan tarayyar masu bi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ma'ana sai an tashi an je. Da wannan kalma aka mayar da ikilisiya dangi ga wanda ya rasa dangi, aka kuma ɗora masa haƙƙin ziyara da gaisuwar mara lafiya da ta'aziyya.

Daga nan za a fahimci inda farin ciki ya shigo. Abin da dattawan ikilisiya suke yabawa ya fi kusa da abin da Hausa take kira wadar zuci, wato natsuwar wanda ya yi aikinsa, ya sauke haƙƙin jama'a, ya bar wa Allah sauran.

6.0 Yaɗuwar Wannan Salo

Abin da aka fara a ƙasar Zazzau bai tsaya can ba. Wasu ƙungiyoyin mishan da aka hana shiga masarautu sun nufi ƙabilun tsakiyar Nijeriya: S.I.M. ta kafa tasha a Patigi a 1902, S.U.M. a Wase a 1904, mishan na 'Yan'uwa kuma a Garkiɗa a 1923. Harsunan yankin suna da yawa ƙwarai, don haka fassarar 1932 ta zama littafin da Birom da Angas da Bajju da Tangale da wasunsu suka yi tarayya a kansa. Ikilisiyoyin da suka tsaya da ƙafarsu, kamar ECWA a 1954 da tarayyar TEKAN a 1955, sun gaji wannan harshe. A Nijar ma S.I.M. ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Wajibi ne a faɗi cewa wannan nasara ta Hausa ta zo da tsada, domin a wurare da dama ta rage wa harsunan gida matsayi a cikin sujada.

A wannan fage mata ne suka fi kowa mayar da kalmomin nan aiki. Zumuntar Mata, da ake samu a kusan kowace ikilisiya mai amfani da Hausa, tana taruwa a tsakiyar mako don karatu da waƙa da kiɗan tulu da caki, tana kai gudummawa gidan haihuwa da gidan rasuwa. Haka kuma ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta taso a farkon shekarun 1960, ta ɗora aikin shaida a kan manomi da ɗan kasuwa maimakon fasto kaɗai. An gwada ƙarfin wannan zumunta a 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka sace 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, suka kuma mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Jama'a sun rasa gine-gine, amma sun ci gaba da sujada da taron zumunta a wuraren da suka yi gudun hijira.

7.0 Kammalawa

Miller ya rasu a 1952 ba tare da ya ga abin da ya zo nema ba. Abin da ya tabbata a bayansa shi ne al'umma ƙarama wadda ta sami ma'anar rayuwa a aji da asibiti da gona da gidan maƙwabci, ta kuma bayyana ta da kalmomin da ta tarar a cikin Hausa. Ga masu nazarin harshe, wannan fage har yanzu yana buƙatar aiki. Waƙoƙin Zumuntar Mata da wa'azin Lahadi da addu'o'in gida taska ce ta Hausar da ake magana da ita daga Zariya zuwa Jos da Garkiɗa, kuma yawancinta a baka take. Tattara ta da kwatanta ta da Hausar malaman Musulunci zai nuna yadda harshe ɗaya ya ɗauki addinai biyu, da irin canjin ma'anar da kalmominsa suka samu a wajen yin haka.