Duwatsun Birnin Kudu: Abin da Muka Ji da Abin da Muka Gani

Bana mun ga ya dace mu waiwayi duwatsun da suka kewaye garinmu, waɗanda da yawanmu muka girma muna jin tsoronsu ba tare da mun san abin da ke cikinsu ba.

Muna yara, iyaye sukan gargaɗe mu kada mu kusanci Dutsen Mesa ko Dutsen Habude da tsakar rana ko da almuru. Cewa ake mutanen ɓoye ne ke zaune a can, kuma wai akan jiyo kiɗa daga cikin duwatsun alhali ba a ga makaɗi. Wanda ya yi gardama, sai a ce masa wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Da ilimi ya zo, sai muka gane cewa kiɗan nan yana da tushe. A shekarar 1955, Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarin wasu duwatsu a garinmu waɗanda in an buge su da ɗan dutse sukan yi amo kamar ƙuge. Ramukan da ke jikinsu shaida ne cewa hannuwa da yawa sun daɗe suna kaɗa su. A ƙarƙashin inuwar duwatsun kuma akwai zane-zanen shanu da jan launi da fari, har da shanu marasa tozo. Ashe tun kafin kakanninmu akwai makiyaya a nan, kuma sun bar mana saƙo.

Ba mu raina gargaɗin magabata ba. Tsoron nan shi ya kare yara daga macizai da faɗuwa, shi ne kuma ya kare zanen daga ɓarna. Yanzu da tsoro ya kau, me zai maye gurbinsa? Idan masu fasa dutse da masu rubuta sunayensu da gawayi suka riga mu, to, an yi asarar da ba ta da mayi.

Saboda haka, duk wanda ya zo hutu gida, ya ɗauki 'ya'yansa ya kai su. Lokaci mafi kyau shi ne bayan kaka, da hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe, hanya ta fito. A fita da sanyin safiya, a sa takalmi sau-ciki, a riƙe ruwan sha da sanda. A fara sanar da mai unguwa, a nemi ɗan jagora ɗan gari. Kada a zura hannu cikin kogo. Kada a shafa zanen, ko a yayyafa masa ruwa don ya fito a hoto, kada kuma a hura wuta kusa da shi, domin hayaƙi yana dusashe shi.

Muna kira ga ƙungiyarmu da ta haɗa kai da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa da gwamnatin Jigawa wajen tsare waɗannan wurare, a kuma rubuta labaran dattawa tun suna raye. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Allah Ya albarkaci garinmu, Ya jiƙan magabatanmu, amin.