Gidan dutse, hayaƙi da firij ɗin da aka juya: zare 🧵

1/ Jama'a, ran da na shiga wani tsohon gidan dutse a ƙauyen Arnol, tsibirin Lewis na Sikotland, idona ya cika da hawaye. Hayaƙi ne wallahi. Nan take na tuno ɗakin kakata da hunturu, da gadon ƙasarta mai wuta a ƙarƙashi. Ku biyo ni.

2/ An gina gidan wajen 1880, kuma da mutane a ciki har 1966. Bango biyu ne na dutse, an cusa ƙasa a tsakani, rufin ciyawa. Mutane a gefe guda, shanu a ɗaya gefen.

3/ Tsibirin ba bishiyoyi sosai. Baƙar ƙasar fadama ta ruɓaɓɓen ciyayi suke yankowa, su busar, su hura a tsakiyar ɗaki. Ba a bari ta mutu, kuma ba mafitar hayaƙi.

4/ Kar ku ce ƙauyanci. Hayaƙin nan shi ke busar da rufi, ya kori ƙwari. Ciyawar da ta sha hayaƙi kuma a sauke ta a kai gona ta zama taki.

5/ Da dokokin lafiya suka ce a raba mutum da dabba, sai aka koma gidajen siminti masu bututun hayaƙi. Amma danshi ya samu wurin zama. Tsohon bango numfashi yake yi. Siminti kuwa riƙe ruwa yake.

6/ To injin janyo zafi fa? A 1852 Lord Kelvin, malami a jami'ar Glasgow, ya kawo dabarar. Firij ne aka juya: ya kwaso ɗumin iska ko na ƙasa daga waje ya zuba cikin gida. A 1938 har an ɗumama zauren majalisar birnin Zurich da ruwan kogin Limmat.

7/ Lantarki awo ɗaya kan ba da zafi kusan awo uku. Sai dai ɗuminsa a hankali yake zuwa, shi ya sa ake barinsa kunne dare da rana, dutse ya sha ya riƙe. Kun gani? Dabarar wutar da ba ta mutuwa ce ta dawo.

8/ Amma in guguwa ta katse lantarki, injin ya yi shiru. A nan murhun ƙarfe na itace ke ceton rai.

9/ Shi ya sa a 2024, da gwamnatin Sikotland ta taƙaita sa murhun itace a sababbin gidaje, mutanen karkara suka ce ba su yarda ba. Dole ta janye.

10/ Ni dai abin da na ɗauko: kafin ka gyara tsohon gida, fara tambayar me ya sa aka gina shi haka. Wa ya taɓa kwana a gadon ƙasa mai wuta? Ku ba mu labari.