Kiranyen mota saboda matsalar tsaro

Kiranyen mota shi ne matakin da kamfanin ƙera motoci yake ɗauka na neman masu wani samfurin mota su dawo da ita a gyara kyauta, bayan an gano tana da aibin da zai iya jawo haɗari, ko kuma ba ta cika ƙa'idar tsaro da hukuma ta gindaya ba. Aibin yakan kasance a birki, sitiyari, taya, bel ɗin kujera, wayoyin wuta ko jakar iska. Kamfanin ne ke sanar da kiranyen kuma shi ke biyan kuɗin aikin, amma yawanci a garejin dilan da kamfanin ya amince da shi ake yin gyaran. Saboda haka nasarar kiranye ta dogara ne a kan ko motar ta isa wurin dila.

Kalmar kiranye daga kira ta fito. A tsohuwar ma'anarta tana nufin asirin da ake yi don wanda ya yi nisa da gida ya dawo, daga baya 'yan jarida suka yi amfani da ita ga yunƙurin masu zaɓe na dawo da ɗan majalisarsu gida. Wasu kafafen labarai suna cewa janye motoci, sai dai wannan ya fi dacewa da kayan da ake kwashewa daga kasuwa gaba ɗaya, alhali motar da aka yi wa kiranye ana mayar wa mai ita bayan gyara.

Tarihi da doka a Amurka

Tsarin da aka fi sani a duniya na Amurka ne. A 1965 lauya Ralph Nader ya wallafa littafinsa Unsafe at Any Speed, inda ya zargi kamfanonin mota da fifita ado da riba a kan rayukan mutane. A 1966 majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar tsaron motoci, sannan a 1970 aka kafa hukumar kula da tsaron zirga-zirga a manyan hanyoyi, wadda aka fi sani da NHTSA. Ita ce ke karɓar koken masu motoci, ta yi bincike, kuma tana da ikon tilasta wa kamfani yin kiranye, ko da yake galibin kiranyen kamfanonin ne ke sanarwa da kansu kafin a kai ga haka.

Idan kamfani ya tabbatar da aibi, doka ta ba shi kwanakin aiki biyar ya sanar da hukumar, da kwana 60 ya aika wa masu motocin wasiƙa. Zaɓi uku gare shi: ya gyara motar, ya musanya ta da makamanciyarta, ko ya mayar da kuɗinta bayan an cire ragin tsufa. Kusan kullum gyara ake zaɓa. Wajabcin yin aikin kyauta ya shafi motar da ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba a lokacin da aka gano aibin. Kafin dokar 2015 wa'adin shekara 10 ne.

Yadda gyaran ke gudana a wurin dila

Komai yana farawa ne da lambar shaidar mota, wato VIN, wadda a Najeriya ake kira lambar shasi. Tun 1981 aka daidaita ta ta zama haruffa da lambobi 17, kuma ba a sa I ko O ko Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Ana samun ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofar direba, da takardun mota. Tun 2014 hukumar NHTSA ta buɗe shafin intanet inda ake shigar da lambar a ga ko akwai kiranyen da ba a yi ba. Samfuri da shekara kaɗai ba su wadatar, domin motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya za su iya fitowa daga masana'antu daban, ɗaya ta shiga kiranye ɗaya ba ta shiga ba.

Mai mota yakan kira sashen gyara na dila ya ba da lambar, a duba ko kayan gyaran suna ƙasa, sannan a sa masa rana. Ba dole ne ya koma inda ya sayi motar ba. Duk dilan da ke da lasisin wannan kamfani zai iya yin aikin, kuma haƙƙin yana bin motar ne ko da ta sauya hannu sau da yawa. Bayan kanikawa sun gama, dila ya tura wa kamfani takardar neman biya, kuma da ita ake rufe kiranyen a kan wannan lambar. Idan aka yi gyaran a garejin da ba na dila ba, rajistar za ta ci gaba da nuna aikin bai yiwu ba. Wanda ya riga ya biya daga aljihunsa ya gyara aibin kafin sanarwa yana iya neman a mayar masa, in yana da rasit kuma gyaran ya faɗa cikin lokacin da aka ƙayyade.

Inda aka fi samun cikas shi ne kayan gyara. Sau da yawa wasiƙar farko tana zuwa alhali ba a ƙera su ba, sai mai mota ya jira ta biyu na tsawon watanni. Dokar tarayya ba ta wajabta ba shi motar aro a wannan tsakanin ba, kamfani ne ke yanke hakan. Wani abin da masu motoci ke kuka da shi shi ne, da motar ta shiga gareji sai a lissafo musu wasu gyare-gyaren na kuɗi. Babu laifi a nuna wa mutum abin da ya lalace a motarsa, amma ba sharaɗi ba ne ya amince kafin a yi masa aikin kiranye.

Ana yawan rikita kiranye da takardar da kamfani ke aika wa diloli kan yadda za a magance wata matsala da ta yawaita, kamar ƙara a giya. Irin wannan gyara ba lallai ya zama kyauta ba idan garanti ya ƙare. Haka kuma wasu kiranyen yanzu ba sa buƙatar zuwa gareji: a Disamba 2023 Tesla ta yi kiranyen motoci kusan miliyan biyu a Amurka, ta kuma yi gyaran ta hanyar tura sabuwar manhaja ta intanet.

Kiranyen Takata

Kiranye mafi girma a tarihin motoci shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata na Japan. A cikin sitiyari da dashbod akwai wani gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadari, wanda ke ƙonewa nan take idan an yi karo, ya fitar da iskar da ke hura jakar. Takata ya yi amfani da amoniyam naitiret, sinadarin da ake samu a takin zamani, saboda araha. Shekaru na zafi da laima suna lalata shi, sai ya ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, ya tarwatsa gwangwanin, ɓaraguzan ƙarfe su feso fuska da wuyan wanda ke zaune. An samu waɗanda suka mutu a ƙaramin karon da ba zai ko jikkata su ba.

Honda ce ta fara da motoci kimanin 4,000 a Nuwamba 2008. Daga baya abin ya kai jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, a motocin kamfanoni 19, ciki har da Toyota, Nissan, Ford da BMW. Zuwa 2024 hukumar ta tabbatar da mutuwar mutum 28 a ƙasar. A 2017 Takata ya amsa laifin zamba a kotun Amurka bisa ɓoye sakamakon gwaji, aka ɗora masa biyan dala biliyan ɗaya, kuma a watan Yunin shekarar ya ayyana karyewa.

Da yake kayan gyara ba su isa kowa ba, a 2015 aka tsara aikin rukuni-rukuni, aka fara da tsofaffin motoci da ke yankuna masu zafi da laima irin su Fulorida da Hawayi. Wasu motocin an sa musu sabon gwangwani irin na da a matsayin na wucin gadi, don haka sai da suka koma gareji karo na biyu. Mafi haɗari su ne wasu motocin Honda da Acura na 2001 zuwa 2003, waɗanda a 2016 hukumar ta ce yiwuwar fashewar nasu a lokacin karo na iya kai kashi 50 cikin ɗari. A 2023 Honda ta umarci masu waɗanda ba a gyara ba su daina tuƙa su kwata-kwata.

Wasu ƙasashen sun fi Amurka tsanantawa. Ostareliya ta mayar da kiranyen Takata na dole a 2018. A shekarar ce Japan ta fara hana wasu motocin da ba a gyara ba tsallake binciken lafiyar mota, a Jamus kuwa hukuma na iya sa a soke rajistar motar da mai ita ya ƙi kai ta.

Motocin hannu da na ƙetare

Dokar Amurka ta hana dila sayar da sabuwar mota mai kiranyen da ba a yi ba, kuma tun 2016 ta hana manyan kamfanonin haya ba da irinta haya. Ba ta hana sayar da ta hannu a haka ba, kuma wannan babban giɓi ne, domin tsohuwar mota ita ce wasiƙa ta fi kasa cim wa mai ita.

Ta wannan ƙofar batun ya shafi Afirka ta Yamma. Da yawa daga motocin hannu da ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, su ƙarasa kasuwannin Kano, Kaduna, Maraɗi da Yamai, daga Amurka da Kanada suke. Cikinsu akwai Honda Accord ta 2001 da 2002, ƙarshen samfurin da ake wa laƙabi da Baby Boy, da ta 2003 zuwa 2005 da ake kira End of Discussion, da Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, kuma dukansu suna cikin samfuran da kiranyen Takata ya shafa. Da zarar mota ta bar ƙasar da aka yi mata rajista, wasiƙa ba ta biyo ta, ga shi yanayin gaɓar teku irin na Legas shi ne wanda ya fi saurin lalata sinadarin. Jakar iska ta hannu da ake cirowa daga motar da ta yi haɗari a sa wa wata ita ma tana iya kasancewa daga cikin masu aibin.

Ta shafin NHTSA mai saye zai iya duba lambar motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun kafin a yi ciniki. Ko wakilin kamfani a ƙasar da motar ta sauka zai yi gyaran kyauta, wannan ya danganta da manufar kamfanin, domin dokar Amurka ba ta aiki a wajen iyakarta.