Lambar Da Ta Ƙaryata Fermat

Mai karatu, dubi wannan lamba da kyau: 4,294,967,297, wato biliyan huɗu da ɗoriya. Ita ce ta rushe zaton ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙasar Faransa, shekara 67 bayan rasuwarsa.

Masana lissafi sun kasa lambobi gida biyu. Akwai masu rabuwa, kamar 15 wadda take 3 sau 5. Akwai kuma marasa rabuwa, kamar 7 da 13, waɗanda babu lambar da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Tun zamanin Girkawa ake neman hanyar gane waɗannan na biyun.

A shekarar 1640, Pierre de Fermat, wani lauya a birnin Toulouse da ke lissafi a lokacin hutunsa, ya ga kamar ya samo hanya. Ka fara da 2, ka ninka ta da kanta ka sami 4, ka ninka 4 da kanta ka sami 16, daga nan 256, sai 65,536. Ka ƙara 1 a kan kowacce, sai ka sami 3, 5, 17, 257 da 65,537. Duk biyar ɗin ba sa rabuwa. Sai Fermat ya yi zaton haka jerin zai tafi har abada, ko da yake ya amsa cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Bahaushe dai ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Ta shida a jerin ita ce lambar tamu, 65,536 sau 65,536 a ƙara 1. A wancan zamani babu na'ura, gwada ta da hannu kuwa aiki ne ja. Fermat ya rasu a 1665, maganarsa na nan tsaye.

A 1732 Leonhard Euler, ɗan shekara 25 da ke aiki a St. Petersburg ta Rasha, ya nuna cewa lambar 641 ce sau 6,700,417. Daga baya ya bayyana dabarar: duk lamba marar rabuwa da za ta raba wannan, dole ta kasance ninkin 64 a ƙara 1. Irin waɗannan ba su da yawa: 193, 257, 449, 577, ta biyar kuwa ita ce 641. Su biyun da ya samo ba sa rabuwa, don haka lambar tana cikin ajin da lambobi biyu marasa rabuwa kaɗai suka haifa.

Abin mamaki, har yau da kwamfutoci ke ta bincike, ba a sami ko ɗaya marar rabuwa a jerin ba bayan biyar ɗin farko. Misali biyar ne suka ruɗi Fermat, ashe watakila su ke nan. Shi ya sa a lissafi, komai yawan misalan da suka dace, ba a rufe magana sai an kawo hujja.