Rumours: faifan da rabuwa ta haifa

Gungun makaɗa na Fleetwood Mac ya kafu a birnin Landan a shekara ta 1967, ƙarƙashin jagorancin Peter Green, yana kiɗan bulus irin na baƙar fatar Amurka. An haɗa sunansa daga sunayen mutum biyu, makaɗin ganga Mick Fleetwood da makaɗin gitar bas John McVie. Bayan tafiyar Green a 1970, gungun ya yi ta sauya mawaƙa har ya yi ƙaura zuwa Kalifoniya a 1974. A ƙarshen shekarar suka ɗauki Amurkawa biyu, Lindsey Buckingham da Stevie Nicks. Da zuwansu amon gita ya sassauta, muryoyi uku suka riƙa amsa wa juna, aka koma salon rok mai taushi.

Faifan da suka fitar a 1975 ya karɓu ƙwarai, kamfanin Warner kuwa ya zuba ido ga na gaba. To amma da suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Record Plant a garin Sausalito a farkon 1976, babu wanda hankalinsa ke kwance. Auren John da Christine McVie, wanda aka ɗaura a 1968, ya mutu. Soyayyar Buckingham da Nicks ta watse. Fleetwood ma yana fama da rikicin gida. Ga kuma giya da hodar iblis sun yi katutu a wurin. Ko dai su watse daidai lokacin da arziki ya buɗe musu ƙofa, ko su haɗiye ɓacin rai su yi aiki. Suka zaɓi aiki.

Abin da baki ya kasa faɗa sai waƙa ta ɗauka, tamkar habaici. Buckingham ya tsara "Go Your Own Way" yana zargin Nicks, dole kuma ta yi masa amshi. Ita ta faɗi nata a cikin "Dreams". Christine ta yi "You Make Loving Fun" don sabon masoyinta, John yana kaɗa mata bas. "The Chain" ce kaɗai ke ɗauke da sunayen su biyar, ita ma daga guntayen kiɗa aka harhaɗa ta. John McVie ne ya ba da sunan Rumours, wato jita-jita.

Faifan ya fito ran 4 ga Fabrairu 1977. Ya yi mako 31 a sahun farko na jerin Billboard, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1978, an kuma sayar da kwafi fiye da miliyan 40. A 1992 Bill Clinton ya ɗauki "Don't Stop" taken yaƙin neman zaɓensa, su biyar suka sake haɗuwa a bikin rantsar da shi a Janairun 1993.

Sai dai nasarar ba ta warkar da ciwon ba. Shekara da shekaru jama'a na biyan kuɗi su ga tsofaffin masoya suna maimaita faɗansu a bisa dandali. Buckingham ya fita a 1987, ya dawo a 1997, aka sallame shi a 2018. Christine McVie ta rasu ran 30 ga Nuwamba 2022, kuma tun daga nan gungun bai sake hawa dandali ba.